Naci da lura: daga Kano 1900 zuwa Tsibiri

Ni Kirista ne, amma rabin danginmu a Maraɗi Musulmi ne, abokin ɗakina a jami'a ma haka. Ran nan wani ɗan ƙungiyarmu ya tare ni, wai wata takwas muna ɗaki guda ban "yi masa wa'azi" ba, ko kunya nake ji? Ban ba shi amsa ba. Na koma ga tarihi, don wannan gardama ta girme mu duka.

A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kai bishara ƙasar Hausa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 biyun farko suka rasu, Gowans a Girku kusa da Zariya, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa, zazzaɓi ya sake kora shi, sai a 1902 mishan ɗinsu ta SIM ta kafu a Patigi. Wannan labarin ake ba mu a majami'a in ana son nuna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Ban musa ba.

Amma akwai wani labarin da ba a cika faɗi ba. A 1900 ayarin wata mishan, CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ya shiga Kano. Cikinsu akwai Dokta Walter Miller, wanda ya je har Tarabulus ya koyi Hausa kafin tafiyar. Sarki Aliyu Babba ya sallame su cikin ƴan kwanaki. To, me ya rage musu? Kalmomi dai suna da su. Abin da ba su auna ba shi ne lokaci. A farkon shekarar nan ne Lugard ya shelanta mulkin Ingila a kan arewa, kuma sun zo ba a kira su ba. In kai ne sarki, nasara sun faɗo maka gari a irin wannan hali, masu wa'azi za ka gani ko ƴan leƙen asiri? Shekara uku bayan haka sojan Ingila suka ci Kano.

A ajin ilimin harshe muna cewa jumla takan yi daidai a nahawu ta kuma zama kuskure a wurin da aka faɗe ta. Miller ya daɗe kafin ya koyi wannan, in ma ya koya, don mutum ne mai kaifin baki. Sai dai ya zauna shekaru a Zariya, kuma da aikinsa Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Ku duba abin da masu fassara suka yi da sunaye. Sun riƙe "Allah", ba su ƙago wani suna ba. Sun riƙe Zabura. Amma yau mu muna cewa Yesu, kawuna yana cewa Annabi Isa. Kalma ɗaya ta buɗe ƙofa, ɗayar ta ja layi, kuma har gobe ban yanke wa kaina hukunci kan ta biyun ba.

A wajenmu SIM ta iso Damagaram a 1924. Faransawa ba su yarda da masu jin Ingilishi ba, garin kuma na malamai ne, waɗanda suka bi su kaɗan ne ƙwarai. Ba su tsaya buga kai da bango ba, suka buɗe tasha a Tsibirin Gobir, daga baya asibitin Galmi a 1950, sannan wurin jinyar kutare a Danja. Nan ma akwai abin tambaya, tsakani da Allah: mutumin da ke kwance yana jiran magani, yana da bakin cewa "ban son jin wa'azi"?

Ina yaro a watan Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Abin da na riƙe shi ne kawuna ya zo ya kwana zaurenmu, bai ce komi game da addini ba, mu ma ba mu ce ba.

Abokin ɗakina ya san inda nake zuwa ran Lahadi. Da azumi ni ke sayo masa ƙanƙara kafin magariba. Shekaranjiya yana shan shayi ya tambaye ni me ya sa muke cewa Yesu ba Isa ba, muka kai ƙarfe ɗayan dare a kan haka.