Tarihin Cunard da Makomarsa a Hannun Sabon Maigida

Mu marubuta mun sha kawo muku labarin yarinya 'yar gidan asali wadda arzikin gidansu ya karye, sai wani sabon attajiri ya fito neman aurenta, dangi su rabu biyu, wasu su ce rufin asiri ne ya zo, wasu su ce zubar da mutuncin gida ne. To irin wannan ce ta faru da wani tsohon kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Ingila mai suna Cunard, kuma tarihinsa nake so mu bi a yau domin mu ga yadda babban gida yake kasancewa idan ya koma hannun wani.

Wanda ya kafa kamfanin shi ne Samuel Cunard, ɗan kasuwa daga garin Halifax na ƙasar Kanada. A 1839 ya samu kwangilar gwamnatin Ingila ta jigilar wasiƙu zuwa Amurka, kuma a ranar 4 ga Yuli, 1840 jirginsa na farko mai suna Britannia ya tashi daga Liverpool. Jirgin katako ne mai tafiya da tururi, har da saniya a cikinsa domin fasinja su samu madara, ya kuma ɗauki kimanin mako biyu kafin ya isa Boston. Abin da ya fitar da sunan Cunard tun farko shi ne kiyaye rayukan mutane da cika alƙawarin lokaci, domin a zamanin nan wanda ya shiga tekun Atilantika sai ya yi sallama da iyalinsa kamar ba zai dawo ba.

Duk wanda ya kalli fim ɗin Titanic ya san yadda jirgin ya nutse a 1912. Titanic na kamfanin White Star ne, babban abokin hamayyar Cunard, amma jirgin da ya garzayo cikin dare ya ceto mutum sama da 700 na Cunard ne, sunansa Carpathia. Shi ma Cunard bai tsira daga jarrabawa ba, domin a 1915 jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa ya nutsar da Lusitania, kusan mutum 1,200 suka rasu. Da tattalin arzikin duniya ya karye, gwamnatin Ingila ta ce ba za ta ba da rancen ƙarasa ƙera sabon jirgi ba sai kamfanonin biyu sun haɗe, aka haɗe su a 1934. Daga nan aka samu Queen Mary a 1936 da Queen Elizabeth a 1940, waɗanda suka yi jigilar sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. A wata tafiya guda a 1943 Queen Mary ya ɗauki mutum sama da 16,000.

Abin da yaƙi bai yi ba sai jirgin sama ya yi. Daga 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara ketare Atilantika da fasinja, tafiyar kwana biyar ta koma ta 'yan sa'o'i. A 1967 aka yi wa Queen Mary ritaya, ya zama otal a Long Beach ta Amurka, shi kuwa Queen Elizabeth an sayar da shi, ya ƙone a gaɓar Hong Kong a 1972. Ko mu nan abin ya taɓa mu, domin Aureol, jirgin fasinja na ƙarshe na kamfanin Elder Dempster mai zirga-zirga tsakanin Legas da Ingila, an janye shi a 1974.

Cunard ya rage da babban jirgi guda da yake tinƙaho da shi, wato Queen Elizabeth 2, wanda aka fi sani da QE2, da ya fara aiki a 1969. Daga nan gidan ya shiga yawo hannu zuwa hannu. A 1971 kamfanin Trafalgar House mai harkar gine-gine ya saye shi. A Disambar 1994 aka yi abin kunyar da jaridu suka yi ta yayatawa, inda QE2 ya tashi zuwa New York ba a gama gyaransa ba, fasinjojin da suka biya maƙudan kuɗi suka tarar da ma'aikata suna aiki a ciki, ɗakuna wasu ba su kammalu ba. A 1996 kamfanin Kvaerner na ƙasar Norwe ya haɗiye Trafalgar House, shi kuwa aikin injiniya ya zo nema, jiragen fasinja sun zame masa kaya. A 1998 ya sayar da Cunard, kamfanin Carnival na Amurka ya ɗauki kaso mafi tsoka, a 1999 ya saye ragowar.

To wane ne wannan ango? Ted Arison ne ya kafa Carnival a birnin Miami a 1972 da tsohon jirgi guda mai suna Mardi Gras, wanda a tafiyarsa ta farko ma ya kafe a cikin rairayi. Kasuwarsa ita ce yawon shaƙatawa mai sauƙin kuɗi ga masu matsakaicin hali, da kiɗa da rawa da abinci ba ƙaƙƙautawa. Su kuwa mutanen Cunard sun saba da shiga baƙar kwat domin cin abincin dare, da shayin la'asar wanda ma'aikaci sanye da farar safar hannu yake zuba musu. Ba mamaki masoya gidan suka tsorata, suna ganin za a mai da fada dandali.

Amma abin da ya biyo baya ya ba su mamaki. Carnival ya gane cewa da tsohuwar zuma ake magani, tarihin nan shi ne hajar da ya saya. Sai ya zuba kimanin dala miliyan 800 aka ƙera Queen Mary 2 mai tsawon mita 345, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta raɗa masa suna a Janairun 2004. A nan ya kamata mai karatu ya san bambancin da ke tsakanin jirgin shaƙatawa da jirgin ketare teku. Na farko kamar bene ne a kan ruwa, ɗakuna birjik, yana bin wurare masu sauƙin igiya, idan hadari ya taso ya kauce. Na biyu dole ya ratsa tsakiyar Atilantika ko da hunturu ne ya kuma isa a ranar da aka sa, don haka ƙarfen jikinsa ya fi kauri, hancinsa dogo ne mai tsini, injinsa ya fi ƙarfi, kuɗinsa ya fi yawa alhali wurin fasinja ya ragu. Queen Mary 2 shi kaɗai ne irinsa da ya rage yana wannan aiki tsakanin Southampton da New York, tafiyar dare bakwai. Masu gidan na baya babu wanda ya iya yin haka a shekara 27 da suka yi riƙe da shi.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi kansa Queen Mary 2 a Faransa aka ƙera shi. Sauran ukun, Queen Victoria na 2007, Queen Elizabeth na 2010 da Queen Anne na 2024, duk a Italiya kamfanin Fincantieri ya ƙera su, bisa zanen gangar jiki irin na jiragen Holland America, wanda shi ma mallakar Carnival ne. Wato jiragen shaƙatawa ne aka sa musu rigar Cunard, da jar bututun hayaƙi mai baƙin kai da aka san gidan da shi. QE2 kuwa an sayar wa Dubai a 2007 kan dala miliyan 100, ya bar aiki a 2008, ya yi shekaru a ɗaure kafin a buɗe shi a matsayin otal a 2018. A 2011 aka mayar da rajistar jiragen tsibirin Bermuda, aka goge sunan Southampton daga bayansu aka rubuta Hamilton. Kamfani ya ce don a samu damar ɗaura aure a cikin jirgi ne, masu suka kuwa suka ce kaucewa dokokin ƙwadago na Ingila ne.

Ina makomar take? A nawa ganin, sunan Cunard zai ci gaba da rayuwa muddin yana kawo riba, domin mai gidan ɗan kasuwa ne, ba mai ajiye kayan tarihi ba. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da jiragen Carnival cak, ta bar shi da bashin da ya haura dala biliyan 30. Kuma mun ga abin da yake yi da tsohon suna idan lissafi bai fita ba, domin a Maris ɗin 2025 ya rufe reshen P&O na Ostireliya ya mayar da jiragensa biyu ƙarƙashin sunan Carnival. Zuwan Queen Anne mai ɗaukar fasinja kusan 3,000 ya nuna Cunard bai shiga wannan sahu ba.

Babban gwajin yana gaba. QE2 ya yi shekara 39 yana aiki, Queen Mary 2 ya riga ya haura 20. Ranar da ya tsufa, Carnival zai zaɓi ɗaya cikin biyu: ya sake zuba dukiya a ƙera magajinsa na gaskiya, ko kuwa ya ɗauko jirgin shaƙatawa ya liƙa masa sunan sarauniya. Idan ya zaɓi na biyun, to aikin da Samuel Cunard ya fara a 1840 ya ƙare ke nan, sai suna da shayin la'asar su rage. Ni dai ban ga laifin wannan aure ba zuwa yanzu, domin ba don shi ba da wataƙila yau sunan Cunard yana inda na Elder Dempster yake. Amma ranar da aka zo maganar magaji ne za a san ko angon ya riƙe amana.

Allah Ya sa mu ga alheri. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.