Kwalekwalen Dufuna: Shaidar da Itace Ya Bayar

Duk wanda ya san ƙasar Potiskum, tun daga Danchuwa har ya miƙa arewa wajen Gashuwa, ya san ƙasa ce ta gero da wake da shanu, wadda damina ke sallama da wuri ta bar mutane da rijiya. To a wajen haƙar rijiya ne, cikin shekarar 1987, wani Bafillatani makiyayi a ƙauyen Dufuna na ƙaramar hukumar Fune ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin kusan mita 5. Lokacin ba a ƙirƙiro jihar Yobe ba, yankin yana cikin Borno. A 1994 ne Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka tone wurin, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, faɗinsa rabin mita, an sassaƙe shi daga gungume ɗaya. Ana yawan ba da labarin kamar tonon ne ya kafa tarihi. A ganina ba haka ba ne. Abin da magirbi da shebur suka fito da shi tsohon katako ne kawai, baƙi, jiƙe sharkaf, wanda ba ya faɗa wa kowa shekarunsa. Ɗakin gwaji ne ya sa shi magana.

Yadda abin yake shi ne, kowace bishiya mai rai tana zuƙar kabon daga iska, cikinsa kuwa akwai ɗan ƙanƙanin kaso na wani nau'i da ake kira kabon-14, wanda ba ya zama yadda yake. Da zarar an sare bishiya ta daina zuƙa, sai wanda ke jikinta ya riƙa raguwa, rabinsa na ɓacewa a duk shekara 5,730. Willard Libby na Jami'ar Chicago a Amurka ne ya mayar da wannan ma'auni a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma samu kyautar Nobel a 1960. An ɓanɓari 'yan guntaye daga jikin kwalekwalen aka kai ɗakunan gwaji biyu a Jamus, Kiel da Kolon. Ɗaya ya ba da shekaru 7,264, ɗaya 7,670, kafin a daidaita lissafin da zoben shekara na tsofaffin bishiyoyi, wanda ya tura shi zuwa wajen shekaru 8,000. Itacen kuma dangin maɗaci ne, irin wanda ake jiƙa ɓawonsa mai ɗaci a sha. Masana kan gane haka ta yanka itace siriri kamar fatar albasa, su duba tsarin ramukan da ruwa ke bi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, don kowane jinsi da irin saƙarsa.

Mai shakka zai ce, ai ga shi nan ɗakunan biyu ma sun saɓa da shekara 400, yaya za a yarda da su? Tambayar da sauƙin amsa. Bishiya tana girma ne daga ciki zuwa waje, zuciyarta ta girmi bayanta, don haka guntaye daga sassa daban ba dole su yi tagwaye ba. Kowane sakamako kuma yana zuwa da iyakar kuskurensa a rubuce, ɗaya 55 ɗaya 110. Shekara 400 cikin 8,000 ba ta sauya hukunci: wannan shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka, kuma a duniya kaɗan ne suka girme shi, kamar na Pesse a Holand. Ƙorafi mai nauyi shi ne na masu cewa tarihinmu yana bakin tsofaffi da littattafan fada, ba a na'urar Bature ba. Amma jerin sarakunan Saifawa na Borno da Tarihin Kano, wanda ya faro daga Bagauda, duk ba su wuce shekara dubu da 'yan kai ba. Kafin wannan babu maroƙi, babu marubuci. Kuma shaidar ba ta tsaya ita kaɗai ba, domin tudun rairayin da ya ratsa Maiduguri zuwa Bama tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi ce, a zamanin da ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 350,000. Kwalekwale a gefen kogin Komadugu Gana ya dace da wannan duniyar ta ruwa.

Sai dai a faɗi iyakar awon. Bai ce wane ne ya sassaƙa ba, bai san Ngizim ko Karekare ko Bolewa ko Bade ba, kuma duk wanda ya jingina jirgin ga kabilarsa son zuciya ne ya ja shi. Abin da siririn gaba da bayansa ke nunawa shi ne masassaƙin ba ɗan koyo ba ne, ya gaji sana'ar daga wasu da suka riga shi. Wahalar da ta rage ma ta kimiyyar kayan ce. Itacen da ya daɗe cikin laka ruwa ne ke riƙe da siffarsa, in ya bushe da gaggawa sai ya motse ya tsage. Jirgin Vasa na Suwidin, da aka tsamo a 1961, sai da aka yi shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai maye gurbin ruwan. Na Dufuna an ɗaga shi daga raminsa a 1998 aka kai Damaturu, garin da zafin bazara ke haura digiri 40.