Hoton Haƙori da Yadda Haƙoran Kare Ke Girma

Ana haihuwar ɗan kwikwiyo ba shi da haƙori ko ɗaya. Daga wajen mako na 3 haƙoran yarinta ke fara ɓullowa, kafin ya cika mako 8 kuma sun kammala, guda 28. Tsakanin wata 3 zuwa 4 sai ya fara famfara, haƙoran dindindin su maye gurbinsu. Idan kare ya kai wata 6 zuwa 7, ana sa ran haƙoransa sun cika 42, wato 20 a sama, 22 a ƙasa. Cikinsu akwai haƙoran gaba 12, fiƙoƙi 4, ƙananan turame 16 da manyan turame 10.

Sai dai abin da ido ke gani a bakin kare kan haƙori ne kawai. Saiwarsa tana cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙarƙashin dasashi, kuma saiwar fiƙa ta fi kanta tsawo. Wannan ne ya sa likitocin dabbobi ke dogara da hoton ƙashi. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Wilhelm Röntgen, shi ne ya gano hasken da ake wannan hoto da shi a shekarar 1895, kuma a 1896 likitan haƙori Otto Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoransa da kansa.

Ana ɗaukar hoton ne bayan an yi wa kare allurar barci, domin ana sanya faifan ɗaukar hoton cikin bakinsa, kuma ko ɗan motsi yana ɓata shi. A hoton ƙaramin kare, ramin ɓargon haƙori yana da faɗi, bangonsa siriri ne, ƙarshen saiwa kuma a buɗe yake. Yayin da kare ke girma, ƙarshen saiwar yana rufewa, bango yana ƙara kauri, ramin yana tsukewa. Da wannan likita ke ƙiyasta shekarun kare. Haka kuma idan ramin wani haƙori ya fi na ɗan'uwansa na ɗaya gefen faɗi, alama ce ta cewa ɓargonsa ya mutu tun da daɗewa, ko da a waje haƙorin yana kama da lafiyayye.

Matsaloli biyu ne suka fi tasowa a lokacin famfara. Ta farko ita ce haƙorin yarinta ya ƙi fita, na dindindin ya fito kusa da shi. An fi ganin haka a fiƙoƙin ƙananan nau'o'in karnuka. Abinci yana maƙalewa tsakaninsu, dasashi ya kumbura, sabon haƙorin kuma ya karkace. Hoto yana nuna yawan saiwar da ta rage kafin a cire shi.

Ta biyu ita ce giɓi a inda ya kamata haƙori ya fito. Wani lokaci ba a halicci haƙorin ba sam, wanda ba matsala ba ce. Wani lokaci kuwa yana nan binne cikin ƙashi, galibi ƙaramin turmi na farko a muƙamuƙin ƙasa, musamman a karnuka masu gajeren hanci irin su Boxer. Haƙorin da ya binne yana iya tara ruwa kewaye da shi, kumburin ya riƙa cin ƙashi a hankali har ya raunana muƙamuƙi. Ido ba ya bambance waɗannan yanayi biyu, sai hoto.

Saboda haka likitocin dabbobi ke ba da shawarar a ƙirga haƙoran kare idan ya cika wata 7. Idan an ga giɓi, ko haƙora biyu a gurbi ɗaya, a kai shi asibitin dabbobi a duba tun ƙashi bai fara lalacewa ba.