Zaɓen Allunan Katako Masu Fenti da Ba Su Kariya a Lambunan Ƙasar Kano: Matsayin Bakin Allo

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa allunan katako masu fenti da ake kafawa a lambu, na shinge ko na akwatin shuka ko na rubuta sunayen itatuwa, suke saurin lalacewa a ƙasar Kano. Ta nuna cewa ɓarna takan fara ne daga bakin allo, kuma irin gam ɗin da aka haɗa filawud da shi, da yadda aka toshe bakinsa, sun fi yawan shafen fenti tasiri.

Gabatarwa

Allon da ke tsaye a lambun Kano yana rayuwa ne tsakanin yanayi biyu masu nisa da juna. A hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuwa takan kai kusan 80. Katako yana bin wannan sauyi: danshinsa yakan daidaita a wajen kashi 5 a busasshiyar iska, ya hau zuwa wajen 16 a mai laima. Mai lambu kuma yana ƙara masa ruwan ban-ruwa kullum, ko da rani. Tambayar maƙalar ita ce: ta ina ruwan yake shiga, kuma me ya kamata a fara kashe wa kuɗi?

Bitar Ra'ayoyi

Mafi yawan abin da aka sani game da fenti a jikin katako ya fito ne daga ƙasashe masu sanyi, musamman cibiyar binciken katako ta Madison a Amurka, wadda aka buɗe a 1910. Ayyukan masu bincike Feist da Williams a can sun tabbatar da cewa hasken rana yana ruguza sinadarin lignin da ke fuskar katako, kuma 'yan makonni a rana kafin fenti sun isa su raunana kamuwarsa. Babu jayayya a nan.

Jayayyata tana tare da ra'ayin da ya yaɗu tsakanin masu saye da wasu kafintoci, cewa da zarar an sayi filawud ɗin jirgin ruwa an gama magana. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 1088, wadda ake auna irin wannan filawud da ita, tana magana ne a kan ingancin fallaye da gam mai jure ruwa. Ba ta ce an shayar da katakon maganin ruɓewa ko na gara ba. Hasali ma irinsa marar nauyi da itacen okume na Gabon ake yi, wanda a ma'aunin juriyar katako na EN 350 yake cikin marasa juriya sosai. Gam zai riƙe, amma katakon da ke tsakaninsa zai iya ruɓewa. Haka nan ban yarda da masu shafa baƙin man inji ba. Yana hana fenti kamawa, yana ɓullowa ta cikinsa ya ɓata launi, sannan yana zuba a ƙasar da za a shuka latas da tumatir, abin da iyali za su ci.

Hanyar Bincike

An duba allunan da suka riga suka sha rani da damina a lambunan gida da wuraren renon itatuwa, aka lura da inda fenti ya fara tashi. An tattauna da kafintoci da 'yan katako, sannan aka auna bayanansu da ƙa'idojin EN 314, EN 335 da EN 350.

Sakamako da Tattaunawa

Dangane da zaɓen itace, maganar gajera ce. Obece da afara suna da araha kuma suna shan fenti da kyau, amma ba sa jure ruwa ko gara. Loko, wato iroko, yana da juriya, sai dai wani sinadari da ke jikinsa yana jinkirta bushewar fentin mai. Malaina ba ta cika motsi ba kuma tana karɓar fenti, don haka ta dace da allon da ba zai taɓa ƙasa ba. Allon garin katako, wato MDF na cikin ɗaki, ba shi da wuri a lambu, domin idan ya kumbura ba ya komawa.

Babban abin da binciken ya gano yana bakin allo. Ƙwayoyin katako dogaye ne, a jere suke kamar damin kara, ruwa kuma ya fi saurin bi ta inda aka yanke fiye da ta gefe, ninki da yawa. Falankin itace baki biyu ne gare shi irin wannan. Filawud kuwa, da yake ana gicciya fallayensa ɗaya bisa ɗaya, duk gefensa huɗu baki ne: a kowane gefe kusan rabin fallayen a buɗe suke ga ruwa. Kafinta yakan sayi allon filawud mai ƙafa 4 da 8, ya tsaga shi da zarto, ya shafe fuska sau uku har tana ƙyalli, ya bar baki da shafa ɗaya wadda katakon ya riga ya shanye. Ruwa ya shiga ta nan, ya bi ƙarƙashin fenti, fentin fuska kuma ya hana shi fita. Danshi ya haura kashi 20, inda funfuna da ruɓewa ke samun wurin zama. A allunan da aka duba, tsarin ɓarnar iri ɗaya ne: bakin ƙasa, sai bakin sama, sai gurbin ƙusa, tsakiyar allo kuwa lafiya lau.

Hunturu ne ke buɗe wa damina ƙofa. Idan aka ɗauki motsin kashi 0.25 cikin ɗari ga kowane maki na danshi, falanki mai faɗin santimita 30 zai iya motsa kusan milimita 8 tsakanin Janairu da Agusta. Fentin mai yana taurara da tsufa, ba ya iya bin wannan motsi, sai ya tsage da rani, ruwan Yuni ya tarar da hanya. Fentin akirilik na waje ya fi shi talewa, kuma yana barin tururin danshi ya fita. A filawud giciyar fallaye tana danne motsin, amma nauyinsa yana komawa kan gam. Gam ɗin yuriya na cikin ɗaki yana sakin jiki idan ya daɗe a jiƙe, na finol kuwa, wanda ake gane shi da duhun layinsa a baki, shi ne ya saba cika aji na 3 na ma'aunin ƙarfin gam na EN 314. Mai saye zai iya tafasa guntu a tukunya ya gani ko fallayen za su rabu.

Saboda haka tsarin aiki shi ne a yanka, a huda, a goge kaifin kusurwa da samfefa domin fenti yana sirancewa a kan kaifi, sannan a sa maganin gara wanda ake iya fenti a kansa. A shayar da baki shafen fari har ya daina sha, a shafe baya kamar yadda aka shafe gaba, kafin a ɗaura allon. A ɗaga shi aƙalla santimita 15 daga ƙasa, a yi wa bakin sama hula mai gangara. Katakon da ya iso daga Kudu ɗanye a jera shi a inuwa ya sha iska tukuna, ba a rana ba.

Iyakar Bincike

Za a iya cewa dubawar ido ce ba gwajin ɗakin bincike ba, kuma ba ta wuce yanayin Kano ba. Haka ne, Jos da Kudu suna da nasu lissafin. Amma hanyar da ruwa ke bi a jikin katako ba ta sauyawa da gari.

Shawara

Ana kira ga kwalejojin koyon sana'a da ƙungiyoyin kafintoci su sa toshe bakin allo cikin darasin farko na fenti, 'yan katako kuma su riƙa faɗa wa mai saye irin gam ɗin da ke cikin filawud kafin a yi ciniki.