Hijirar Yahudawan Poland ta 1968 a Ƙarƙashin Mulkin Gurguzu

Gabatarwa

Mutanen ƙasar Daura ba baƙin zancen gudun hijira ba ne. A wajejen 1805, lokacin jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya bar birnin, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure, sai a 1906 Turawa suka maido da sarautar gidan ta hannun Malam Musa. Wato an yi kusan shekara ɗari a waje, amma ba a daina kiransu Daurawa ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata hijira dabam, wadda a cikinta aka raba mutum da gidansa, sa'an nan aka raba shi da sunan ɗan ƙasa.

Asalin Al'amarin

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, Yahudawan Poland sun haura miliyan 3. 'Yan Nazi suka hallaka mafi yawansu, waɗanda suka tsira kuma da yawa suka fice. Ya zuwa 1967 waɗanda suka rage ba su wuce 30,000 ba, kuma akasarinsu harshen Poland suke yi, wasunsu ma 'yan jam'iyyar gurguzu ne.

A watan Yuni na 1967 aka yi Yaƙin Kwana Shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa. Poland ta bi sahun Tarayyar Sobiyet ta yanke hulɗa da Isra'ila. Ran 19 ga watan, shugaban jam'iyya Władysław Gomułka ya yi jawabi, ya nuna cewa akwai maƙiyan ɓoye a cikin gida. Tun daga nan kalmar “sahayoniya” ta zama lulluɓin da ake zagin kowane Bayahude da shi.

Tarzomar Maris

A ƙarshen Janairu na 1968 hukuma ta hana nuna wasan kwaikwayon Dziady na Adam Mickiewicz a Warsaw. Aka kori ɗalibai biyu daga jami'a, Adam Michnik da Henryk Szlajfer, dukkansu 'yan asalin Yahudawa. Ran 8 ga Maris ɗalibai suka yi zanga-zanga, 'yan sanda suka far musu da kulake. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Maimakon gwamnati ta dubi kukan ɗalibai, sai ta ɗora wa Yahudawa alhakin tarzomar. Daɗin daɗawa, ministan cikin gida Mieczysław Moczar da mutanensa suna neman muƙamai, suka ga dama ta samu. Aka shiga korar Yahudawa daga jam'iyya, da aikin soja, da jami'o'i, da gidajen jaridu.

Fita Ba Dawowa

Ran 19 ga Maris Gomułka ya bayyana cewa duk wanda ya ɗauki Isra'ila ƙasarsa, ƙofa a buɗe take. Sai dai mai son fita tilas ya ajiye zamansa ɗan ƙasa, a ba shi takardar tafiya wadda ta ce mai riƙe da ita ba ɗan Poland ba ne. Tsakanin 1968 da 1971 kimanin mutum 13,000 suka fita, da yawa ta tashar jirgin ƙasa ta Gdański zuwa Vienna. Abin lura shi ne mafi yawansu ba Isra'ila suka nufa ba, sai Suwidin da Denmak da Amurka. Wannan kaɗai ya isa ya ƙaryata zargin da aka yi musu. A cikinsu akwai likitoci da injiniyoyi da malamai, irin su Zygmunt Bauman, masanin zamantakewa, wanda ya zauna a Tel Aviv kafin ya koma Jami'ar Leeds ta Ingila a 1971.

Kammalawa

Mulkin gurguzu ya faɗi a Poland a 1989, kuma a 2018 Shugaba Andrzej Duda ya nemi gafarar waɗanda aka kora. Amma kaɗan ne suka koma da zama. Hausawa kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A nan kuwa gida ne ya fara barin mutanensa. Abin da ya kamata ɗalibin tarihi ya riƙe shi ne, saɓani da manufar wata gwamnati ta ƙetare dabam, kama maƙwabci da laifinta saboda asalinsa dabam. Duk hukumar da ta haɗa biyun nan, to, nata gazawar take neman ɓoyewa.