Daga Kiyashi Zuwa Ɗigon Jini



A Roni, idan dattijo ya kama ruwa a bayan danga aka ga kiyashi sun taru a wurin, sai mu ce a je a auna suga. Tsoffin likitocin Indiya ma da haka suke gane cutar, har suka kira ta fitsarin zuma. Sai dai kiyashi ba sa nuna ɓarnar da suga ke yi wa ƙoda. Ita a ɓoye take ci, sai ƙafa da fuska sun kumbura.

Likitoci sun daɗe suna neman hanyar riga kumburin nan. A 1827 Richard Bright na asibitin Guy's a Landan ya nuna cewa mai kumburin da fitsarinsa ke guda idan an ɗumama shi, ƙodarsa ce ta taɓu. A 1886 Max Jaffé na Jamus ya gano sinadarin da ke sauya launi in ya haɗu da kiriyatinin, wato dattin da tsoka ke zubarwa cikin jini ƙoda ta tace. Daga nan gwajin jinin da ake yi mana yau ya samo asali.

Amma kiriyatinin yana da nawa. Ƙoda kan rasa kusan rabin ƙarfinta kafin ya hau sosai, kuma a jikin ramamme yakan ɓoye matsalar. A 1982 aka nuna cewa ɗan furotin kaɗan a fitsarin mai suga gargaɗi ne tun da wuri. A 1985 masana a Suwidin suka kawo sistatin C, ma'aunin jini da bai dogara da yawan tsoka ba.

A 2002 Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda. Abin alfahari ne, amma kafin a kai nan an sha wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, wani gidan har gona ta tafi. Alhali shawarar likitoci ga mai suga ita ce awon jini da fitsari sau ɗaya a shekara.

A littattafanmu, mai kumburi sammu aka yi masa, ko Alhaji ne da za a fitar Indiya. Har yanzu ba mu rubuta yarinyar da ta lallaɓa mahaifinta zuwa awo a Kazaure yana ji da lafiyarsa ba. Wa zai fara?

Allah Ya ƙara mana lafiya.