Kaka a Bakin Kogin Bunga: Me Ya Sa Ake Ziyara Bayan Girbi?

A kudancin Jigawa ruwan sama yakan ɗauke a wajejen Oktoba, kuma daga nan zuwa Disamba, lokacin da hunturu ke kankama, akwai 'yan makonnin da ɗan birni yake ɗauka hutun manomi ne. Yana ganin bukukuwan aure sun yawaita, 'yan dambe suna bin ƙauyuka, dattijo ya ɗaura ƙullin gero a bayan keke zai je gaida tsohon amininsa, sai ya ce ciki ya cika, an shiga shagali. Tarihin ƙasar Birnin Kudu da Gwaram bai goyi bayan wannan kallo ba. Ziyarar kaka tanadi ce, kuma magidancin da ya yi sakaci da ita ya bar shekararsa a buɗe kamar wanda ya cika rumbu ya manta bai ɗora masa jinka ba.

Sai an dubi ƙasar kanta kafin a gane dalili. Yanki ne na duwatsu da tudu da fadama a cakuɗe. Kogin Bunga yana gangarowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Gwaram, ya wuce Jama'are kafin ya haɗu da kogin Haɗeja. Idan ambaliyar damina ta janye, takan bar tafkuna da kududdufai da laka mai danshi, kuma a nan sana'o'i uku suke haɗuwa. Masunta suna shiga da koma da gora, su kwashi tarwaɗa da karfasa da ruwa ya tsare, mata su hura wuta a yi banda don kifin ya kai rani. Masu lambu suna yanka fangali, su yi ban-ruwa, a da da jigo, su dasa albasa da tattasai. Fulani kuma suna sauko da shanu su ci kara da ragowar harawa a gonakin da aka girbe, su bar taki, mai gona ya ba su damin dawa. Kiwo a wannan ƙasa ba baƙo ba ne: zane-zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, waɗanda masana suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950, tsofaffi ne ƙwarai. Abin lura shi ne babu takarda a tsakanin masu waɗannan sana'o'i. Bafulatanin da ya saba sauka a gonar wani zai dawo baɗi ne saboda an karɓe shi da fura da fara'a bana, kuma an je an yi masa barka da sauka tun ranar da ya kafa ruga.

A cikin gida ma hannu ba ya zama. Ana yaɓe rumbu, a baibaye ɗaki, a saƙa sabuwar zana don tare iska, a ɗora harawa a kan reshen bishiya inda awaki ba za su kai ba, a tara kara da itace don jin ɗumi da asuba. Amma sanyi bai taɓa zama babban abin tsoron talaka ba. Abin tsoron yana can gaba, a ƙarshen bazara da tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ga noma yana neman ƙarfi. Ruwan sama kuma ba ya rabo daidai: wannan ƙauye ya samu, na gaba da shi ya rasa. Shekarar fari mai tudu ne ke kuka, shekarar ambaliya kuwa mai fadama ne. Saboda haka maƙwabcinka na jikin danga, duk kirkinsa, yawanci masifarku ɗaya. Wanda zai iya ɗaukar nauyinka shi ne aminin da ke nesa, wanda gonarsa ba irin taka ba ce. Damin da aka kai masa a kaka, lokacin da hatsi ba shi da daraja, shi ne yake dawowa a watan Yuli da daraja ninki. Mata sun fi kowa tsara wannan a al'adar biki, inda kowace ke riƙe da lissafin gudummawar da ƙawarta ta kawo mata, ta mayar da ƙari idan tata hidimar ta zo. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da farin 1973 sun nuna wa mutanen ƙasar Kano, wadda wannan yanki yake cikinta har zuwa 1991, abin da rashin irin wannan madogara yake jawowa.

Wani zai ce wannan bayani ya mayar da ibada ciniki, alhali sada zumunci umarni ne na addini. Gaskiya ne umarni ne, kuma mai kai damin ba ya tafiya da niyyar riba. Sai dai addini bai ware wa zumunci wata ba, Sallah ma tana zagaya shekara, amma doguwar ziyara mai ɗauke da hatsi da iri da maganar aure ta tsaya a bayan girbi. Wani kuma zai ce ai lokacin ne kawai ake da sarari da abin hannu, koguna sun sauka, hanya ta buɗe. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, amma ya manta cewa kaka ita ce lokacin da kowa ke miƙo wa manomi hannu. A nan ake fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, a nan mai bashi ke sallama, kuma a zamanin Turawa a nan ake karɓar haraji da tsabar kuɗi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar biyan harajin, Birnin Kudu ta zama matattarar da ake lodinta zuwa Kano. Mutumin da dagaci ke jira a ƙofa, amma duk da haka ya ware wa amininsa kaso, ba rarar dukiya yake rabarwa ba.

Suka mafi nauyi ita ce tsarin bai ceci kowa ba, kuma dole a amsa hakan. Wanda ba shi da abin kaiwa ba ya samun abin karɓa. Polly Hill, a binciken da ta yi a Batagarawa ta Katsina a shekarun 1960, ta nuna yadda matalauta ke sayar da hatsinsu da araha bayan girbi su dawo su saya da tsada, kuma irin wannan mutum ba ziyara yake zuwa ba, cin rani yake tafiya. Zumuncin kaka ya fi yi wa matsakaita aiki. Abin da ya raunana shi kuwa ba lalacewar zukata ba ce. Tun da injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse suka shigo fadama a shekarun 1980 ta hannun KNARDA, hukumar raya noma ta jihar Kano, shirin Fadama ya biyo baya a shekarun 1990, bakin ruwa ya zama gonar shekara. Mai lambu ya samu kuɗin rani na kansa, takin zamani ya rage masa buƙatar shanu, mashaya da burtali suka ƙuntata. Yanzu a wurare da yawa garken da ake yi wa barka da sauka a watan Nuwamba, shinge yake tararwa a bakin tafkin.